Mai tausa ya wuce iyaka, kuma an rubuta rasit na ƙarya da sunana: ina zan kai ƙorafi a Ontariyo?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Brampton, a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, ta rubuto cewa ciwon baya da na ƙugu ne suka sa likita ya ba ta shawarar zuwa tausa, kuma inshorar wurin aikin maigidanta ce ke biyan kuɗin. Mace ce ta saba yi mata, amma wata rana da ta je sai ta tarar an sa namiji a madadinta, kuma ana cikin aiki ya janye mayafin da aka rufe ta da shi, ya kai hannu ɗuwawunta da cikin cinyarta ba tare da ya tambaye ta ba. Ta ce bakinta ya mutu, ba ta iya cewa komai ba har ya gama. Daga baya kuma ta ga a takardar inshora an karɓi kuɗin zuwa takwas alhali sau biyar ta je. Manajan wurin ya ba ta haƙuri, ya ce zai mayar da kuɗin in ta bar maganar. Yanzu wata huɗu ke nan. Tana tambaya ko lokaci ya ƙure, ko sunanta zai fita, da kuma ko za a biya ta wani abu.

'Yar'uwa, da farko ina yi miki jaje, kuma ina so ki cire wa ranki cewa shirun da kika yi a lokacin ya zama yarda. A dokar Ontariyo, wajibi ne a kan mai ba da magani ya nemi yardar majiyyaci kafin ya taɓa shi, kuma dokar yarda da magani ta shekarar 1996 ta ba majiyyaci damar janye yardarsa a kowane lokaci. Mutane da yawa, maza da mata, jikinsu kan sandare idan abu irin wannan ya same su, kuma masu binciken irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe sun saba da hakan.

Abu na farko da za ki tabbatar shi ne ko mutumin nan mai rajista ne. A Ontariyo kowa na iya buɗe wurin tausa idan ya sami lasisin birni, amma ba kowa ne doka ta yarda ya kira kansa RMT ba, wato mai tausa mai rajista. Wannan laƙabi na waɗanda suka yi karatu na kusan sa'o'i 2,200 ne, suka ci jarrabawar rubutu da ta aiki, sannan hukumar da ake kira CMTO ta yi musu rajista. Sunan hukumar a Turance yana ɗauke da kalmar da muka sani da kwaleji, shi ya sa wasu ke zaton makaranta ce, alhali kuwa hukumar sa ido ce da dokoki biyu na shekarar 1991 suka kafa, ɗaya ta sana'o'in kiwon lafiya baki ɗaya, ɗaya kuma ta tausa kaɗai. Kada ki haɗa ta da ƙungiyar masu sana'ar, RMTAO, wadda aikinta kare muradun 'ya'yanta ne. Ita CMTO jama'a take karewa. Tana da rajista a shafinta na intanet wadda kowa zai iya dubawa kyauta, kuma tun da inshora ta biya, kusan tabbas akwai suna da lambar rajista a kan rasit ɗinki. Ki duba ko sunan da ke kan rasit na ranar shi ne na wanda ya yi miki aikin, domin akwai wuraren da ke sa wanda ba shi da rajista ya yi tausa, sannan a buga lambar wani a takarda. Idan ya zama ba shi da rajista, hukumar ba ta da ikon ladabtar da shi, sai dai a gurfanar da shi a kotu kan amfani da laƙabin da ba nasa ba, wanda tararsa a karon farko tana iya kaiwa dala 25,000, kuma sauran maganar ta koma hannun 'yan sanda da kamfanin inshora.

Game da lokaci, hankalinki ya kwanta. Doka ba ta sa wa'adin shigar da ƙorafi a gaban hukumar ba, kuma ko da mutumin ya ajiye aiki ko ya bar lardin, ikon hukumar yana nan a kansa dangane da abin da ya yi lokacin da yake da rajista. Amma duk da haka kada ki ƙara jinkiri, domin mantuwa tana cin bayanai. Tun yau ki zauna ki rubuta abin da ya faru daki-daki: ranar, lokacin, wanda ya karɓe ki, abin da aka ce miki game da sauya mai tausar, yadda aka rufe ki, inda ya taɓa, abin da ya faɗa, da wanda kika fara gaya wa bayan kin fito. Ki adana saƙonnin manajan, musamman inda ya yi tayin mayar da kuɗi. Sannan ki nemi kwafin fayil ɗinki a rubuce, domin dokar sirrin bayanan lafiya ta 2004 ta ba ki wannan haƙƙi, kuma wajibi ne masu tausa su ajiye fayil ɗin majiyyaci shekara goma daga zuwansa na ƙarshe.

Wannan fayil yana da muhimmanci ƙwarai a maganarki, ga kuma dalili. Tun shekarar 2017 ƙa'idar CMTO ta wajabta wa mai tausa ya sami yarda a rubuce kafin ya yi aiki a wurare huɗu na jiki: ɗuwawu, saman cinya ta ciki, ƙirji, da mama. Ba ya wadatarwa a ce kin sa hannu a takardar farko da ake cikawa a ranar da aka buɗe miki fayil. Dole ne ya yi miki bayanin dalilin da ya sa ciwonki ke buƙatar a taɓa wurin, ya faɗa miki yadda zai rufe ki, ya kuma ba ki zaɓin ki ƙi ko a yi ta kan tufafi. Gaskiya ne mai ciwon ƙugu sau da yawa ana yi masa aiki a tsokar ɗuwawu, kuma ki sa ran cewa da wannan hujja zai kare kansa. To amma idan babu takardar yarda mai sa hannunki a fayil ɗin, ya riga ya saɓa ƙa'idar sana'a, ko da an kasa tabbatar da cewa taɓin na sha'awa ne. Waɗannan tuhume-tuhume biyu ne daban, kuma yana da kyau ki san hakan tun yanzu, domin kada ki ɗauka cewa in ba a same shi da babban laifin ba to an ƙaryata ki.

Ƙorafi ana shigar da shi ne a rubuce, ko a naɗe da murya ko bidiyo, ba a biyan ko sisi, kuma ba dole sai da lauya ba. Idan ya isa ofishin magatakardar hukumar, cikin kwana 14 za a sanar da wanda ake ƙorafi a kansa, a ba shi kwana 30 ya mayar da amsa a rubuce. A nan ne zan amsa miki tambayar suna ba tare da kwana-kwana ba: shi mutumin zai san ke ce kika kai shi, domin adalci ya hukunta a nuna masa abin da ake zarginsa da shi. Jama'a kuwa ba za su sani ba. Matakin bincike a asirce ake yinsa, kuma idan maganar ta kai zaman sauraro, wanda a bainar jama'a ake yi, doka ta ce duk shaidar da ta zo ba da bayani kan zargin lalata, idan ta nema, wajibi ne a hana buga sunanta ko wani abu da zai sa a gane ta. A takardun hukunci akan rubuta majiyyaci da harafi kawai. Na san a al'ummarmu, inda kowa ya san kowa daga masallacin Juma'a zuwa taron suna, wannan shi ne babban abin tsoro, kuma tsoro ne mai dalili. Akwai hanyar ba hukumar bayani ba tare da kin zama mai ƙorafi ba, inda magatakarda zai iya buɗe bincike da kansa idan ya ga hujja mai ƙarfi, amma ki sani cewa a wannan hanya ba ki da haƙƙin a aiko miki da sakamako, ba ki kuma da damar neman a sake duba shi, sannan bincike kan abin da ya faru a ɗaki tsakanin mutum biyu ba ya nisa idan ɗayan bai yarda ya yi magana ba.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba, kuma gara ki sani kafin ki buɗe baki a asibiti. Idan kika gaya wa likitarki ko wata nas ko wani ma'aikacin lafiya mai rajista abin da ya faru, kika kuma ambaci sunan mutumin, doka ta tilasta masa ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 30. Sai dai ba zai sa sunanki a rahoton ba sai da izininki a rubuce. Irin wannan wajibi yana kan masu gudanar da wurin da mai tausar ke aiki, kuma rashin kai rahoton zargin lalata da majiyyaci yana iya jawo tarar da ta kai dala 50,000 ga mutum, dala 200,000 ga kamfani. Saboda haka tayin da manajan ya yi miki na ki karɓi kuɗi ki yi shiru ya ci karo da abin da doka ta ɗora masa. Ki karɓi kuɗinki idan kina so, haƙƙinki ne, amma kada ki sa hannu a kowace takarda da ke cewa kin yafe ko ba za ki yi magana ba sai lauya ya duba miki ita.

Mu Hausawa mun ɗauki sulhu da daraja, kuma dokar ma ta san da shi. Ana iya sasanta ƙorafi ta hanyar mai shiga tsakani idan ɓangarorin biyu sun yarda, kamar a saɓani kan kuɗi ko rashin iya magana da majiyyaci. Amma doka ta fito fili ta haramta wannan hanya a zargin lalata da majiyyaci, kuma a ganina ta yi daidai, domin maganar ba taki ke kaɗai ba ce, ta shafi matar da za ta kwanta a kan gadon nan gobe. Saboda wannan dalili ne ma ya sa idan kin shigar da ƙorafi kuma daga baya kika so janyewa, magatakarda ne zai duba ko janyewar ta dace da maslahar jama'a, in ba ta dace ba a ci gaba.

Wanda ke duba ƙorafin kwamiti ne na bincike, kuma kowane zama yana da aƙalla mutum uku, ɗaya daga cikinsu ba ɗan sana'ar ba ne, wakilin jama'a ne da gwamnatin lardi ta naɗa. Kwamitin yana iya tura mai bincike ya shiga wurin aikin, ya ɗauki fayiloli da littafin ajiye lokaci da bayanan kuɗi, ya kuma kira shaidu. Idan kwamitin ya ga cewa barin mutumin yana aiki zai iya cutar da majiyyata, yana da ikon dakatar da shi ko sa masa sharuɗɗa tun kafin a gama bincike. Doka ta ce a kammala cikin kwana 150, in an wuce a rubuto miki dalili, kuma in faɗa miki gaskiya sau da yawa ana wucewa, musamman a irin maganarki mai ɓangare biyu. Wannan kwamiti ba ya sauraron shaidu baki da baki, takardu yake karantawa, kuma ba ya yanke cewa wane ya yi laifi. Abin da yake iya yi shi ne ya rufe maganar, ko ya ba da shawara, ko ya kira mutumin ya ja masa kunne gaba da gaba, ko ya tilasta masa wani kwas na gyara, ko kuma ya tura shi gaban kwamitin ladabtarwa. Jan kunne da kwas ɗin tilas ana rubuta su a rajistar da jama'a ke gani, don haka ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman aiki.

Idan sakamakon bai gamsar da ke ba, kina da kwana 30 daga ranar da kika karɓe shi ki nemi wata hukuma mai zaman kanta, HPARB, ta sake dubawa. Ita ba sabon bincike take yi ba. Tambaya biyu take amsawa: ko binciken da aka yi ya wadatar, da kuma ko shawarar da aka yanke mai ma'ana ce. Shi ma wanda aka kai ƙara yana da irin wannan dama. Wannan wa'adi na kwana 30 shi ne wanda na fi ganin yana kuɓuce wa mutane, domin takarda takan zo a lokacin da ransu ya ɓaci, su ajiye ta ba su karanta shafin ƙarshe ba.

Zaman ladabtarwa ya fi kama da kotu. Hukumar ce ke gabatar da ƙara da lauyanta, ke kuma shaida ce, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai yi miki tambayoyi, wasu masu zafi. Ma'aunin hujja a nan bai kai na shari'ar laifi tsauri ba. Ba a buƙatar a kawar da duk wani kokwanto, abin da ake nema shi ne a nuna cewa faruwar abin ta fi rashin faruwarsa rinjaye, kamar yadda Kotun Ƙolin Kanada ta tabbatar a 2008 cewa wannan ne ma'auni ɗaya tilo a shari'o'in da ba na laifi ba. Wannan ne ya sa ake iya samun mutum da laifi a gaban hukumar ko da kotun laifi ta sallame shi. Da yawa daga cikin irin waɗannan shari'o'i ba sa kaiwa ga kiran shaidu, domin wanda ake tuhuma yakan amsa laifi a bisa bayanin da ɓangarorin biyu suka amince da shi. Hukuncin da ake iya yankewa ya haɗa da tsawatarwa, sa sharuɗɗa, dakatarwa, soke rajista, tarar da ba ta wuce dala 35,000 ba, da biyan wani ɓangare na kuɗin shari'a, kuma ana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun lardi da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki.

A babin lalata da majiyyaci kuwa, doka ba ta bar wa kwamitin zaɓi mai yawa ba. Ma'anar laifin ta haɗa da saduwa, da taɓi na sha'awa, da ma magana ko hali na sha'awa, amma ba ta haɗa da taɓin da magani ya buƙata ba. Gyaran dokar da aka yi a 2017 ya ƙara taɓin sha'awa a al'aura, dubura, mama ko ɗuwawu a cikin jerin laifukan da dole a soke rajistar wanda aka samu da su, kuma ba zai iya neman a mayar masa da ita ba sai bayan shekara biyar. Gyaran ya kuma hana tsohuwar dabarar cewa mutum ya ci gaba da aiki amma maza kaɗai zai riƙa gani, sannan ya ce ana ci gaba da ɗaukar mutum a matsayin majiyyaci har shekara ɗaya bayan an daina duba shi. Yardar majiyyaci ba ta wanke ma'aikaci. Tsaurin ya kai ga cewa a 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ontariyo ta tabbatar da soke rajistar wani mai tsaftace haƙora da ya duba haƙoran matar da yake soyayya da ita, wadda ita da kanta ba ta da ƙorafi a kansa. Idan an same shi da laifi, kina da damar gabatar da bayani a rubuce kan yadda abin ya shafi rayuwarki kafin a yanke hukunci.

Sai batun kuɗi, inda mutane suka fi shan mamaki. Hukumar ba ta biyan diyya, ba ta tilasta a mayar miki da kuɗi, kuma tarar da take ci asusun gwamnatin lardi take shiga. Abin da take da shi shi ne asusun biyan kuɗin ganin mai ba da shawara ko likitan ƙwaƙwalwa ga wanda ya yi zargin an yi lalata da shi yana majiyyaci, kuma tun daga gyaran 2017 ana iya nemansa da zarar an shigar da ƙorafi, ba sai an jira hukunci ba. Iyakarsa ita ce kwatankwacin abin da inshorar lafiya ta lardi ke biya na zama 200 na rabin sa'a da likitan ƙwaƙwalwa, ana amfani da shi cikin shekara biyar, kuma wanda ke duba ki ake biya kai tsaye. Diyya kuwa sai a kotun farar hula, inda wa'adin da aka saba shi ne shekara biyu, amma ƙarar da ta ginu a kan cin zarafi na lalata ba ta da wa'adi a Ontariyo. Lauya zai gaya miki cewa takardu da hukuncin hukumar ba a karɓarsu a matsayin hujja a wannan kotu, don haka can ma sai an kafa hujja daga tushe. Zuwa wurin 'yan sanda hanya ce ta uku, kuma bin ɗaya ba ya rufe sauran.

Maganar rasit ta fi sauƙin tabbatarwa, domin takarda ce da takarda. Mai tausa yana da alhakin duk rasit ɗin da ya fita da sunansa da lambarsa, ko da ma'aikaciyar gaban ofis ce ta buga, kuma rubuta rasit na aikin da ba a yi ba yana cikin laifukan da suka fi kai masu tausa gaban kwamitin ladabtarwa. Amma ita hukumar mutane take sa wa ido, ba ta da iko a kan shagon da ba mai rajista ne ya mallake shi ba. Saboda haka wannan ɓangare ki haɗa da kamfanin inshorar, kuma ki gaggauta, domin da sunanki aka karɓi kuɗin, kuma idan su suka riga ki ganowa, ke da maigidanki za a fara tambaya. Ki rubuta musu ranaku biyar da kika je da ukun da ba ki je ba, ki haɗa da duk abin da zai nuna inda kike a waɗannan ranaku uku, kamar takardar aiki ko bayanan wayarki. A ƙorafinki na CMTO kuma ki raba maganganun biyu, kowacce da kanunta da ranakunta, ki kuma bayyana wane suna ne ke kan kowane rasit, domin yana yiwuwa na ƙaryar sun fita ne da sunan matar da ta saba yi miki tausa, wanda hakan zai sa a buɗe fayil biyu a kan mutum biyu.

Ga masu karatu da ke wasu lardunan, tsarin da na bayyana na Ontariyo ne. Birtish Kolombiya, Niyu Buranzuwik, Niyufanlan da Labarado, da Tsibirin Yarima Edward su ma suna da hukumomin da doka ta kafa, kodayake wa'adodi da sunayen kwamitoci sun bambanta, kuma a Birtish Kolombiya an haɗe hukumar masu tausa da ta wasu sana'o'i a 2024. A Kebek kuwa ƙungiyoyi ne masu zaman kansu ke yi wa masu tausa rajista, kuma iyakar abin da ƙungiya za ta iya yi shi ne ta kori ɗanta, wanda zai iya komawa wata ƙungiyar ya ci gaba da aiki, shi ya sa a can 'yan sanda da kotu da kamfanin inshora ne madogara.

Ke da ke Brampton, kafin ki aika komai kina iya kiran CMTO ki yi magana da ma'aikatan sashen ƙorafi ba tare da kin faɗi sunanki ko sunan mutumin ba, su yi miki bayanin matakan. Idan Turanci yana ba ki wahala a magana mai nauyi irin wannan, ki faɗa musu tun a kiran farko cewa kina buƙatar tafinta, kuma ki nemi mace ce za ta yi hira da ke, ki kuma zo da wadda kika amince da ita ta zauna kusa da ke a ranar.